Awon Likita: Abin da Ido da Hannu da Kunne Ke Ganowa Kafin a Rubuta Magani

 Wannan ita ce hirar da muka yi a filinmu na kiwon lafiya. Mun mayar da ita a rubuce saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi, ko yana kan hanya da kaya. In ka iya karatu, ka karanta wa wanda bai iya ba.

Akwai ƙorafin da muke yawan ji a tasha da bakin kara. Za ka ji mutum yana cewa: "Na bar shanuna, na biya kuɗin babur, na yi layi a asibiti tun hantsi. Da na shiga sai aka ce in buɗe baki, aka ja mini fatar ido, aka lallatsa mini ciki, aka bubbuga mini baya kamar ganga. Ko allura ɗaya ba a yi mini ba. Da na sani da wajen mai tallan magani na tsaya, in faɗa masa ciwona, ya ƙirgo mini ƙwayoyi in kama gabana."

To ɗan'uwa, bari mu tambaye ka. Ka taɓa sayen sa cikin duhun dare, don kawai dillali ya rantse maka lafiyayye ne? Ai ba ka yi. Sai gari ya waye ka zagaya shi, ka ga tafiyarsa, ka duba idonsa, ka ga ko hancinsa da laima, ko yana tuƙa, ko gashin jikinsa a kwance yake. Ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, ka damƙi gadon bayansa ka ji nama. Ke ma uwar gida, ba kya biyan kuɗin tukunya sai kin ƙwanƙwasa ta kin ji ko da tsaga. Kai kuma mai sayar da mai, bugu biyu kake yi wa duro ka san inda man ya tsaya ba tare da ka buɗe ba.

Abin da likita yake yi maka ke nan. Ko lokotoro ne, ko majo, ko nas, ko ungozomar asibiti, a nan duk likita za mu kira su. Hanyoyi huɗu aka koya musu na binciken jikin mutum: dubawa da ido, taɓawa da hannu, ƙwanƙwasawa, da saurare. Wanda ya yi karatu da Faransanci a Yamai ko Njamena, da wanda ya yi da Turanci a Zariya ko Sakkwato, duk waɗannan huɗun aka koya musu. Mai tallan magani kuwa bakinka kaɗai ya ji, bai ga komai ba. Zazzaɓi ɗaya ne a baki, amma a jiki yana iya zama na cizon sauro, ko taifot, ko ciwon huhu, ko sanƙarau, kuma kowanne da maganinsa.

Kafin hannu, baki

Awo yana farawa ne da tambaya. Yaushe ciwon ya soma? Ina yake maka? Me ke tayar da shi, me ke lafar da shi? A nan ne da yawanmu muke cutar kanmu. Makiyayi an raine shi da dauriya, abin kunya ne a ji yana raki. Sai a tambaye shi, ya ce "da sauƙi", alhali kwana uku bai runtsa ba. Dauriya ado ce a wajen sharo, amma a gaban likita ɓatar da shi take yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai nuna ba a ina za a liƙe?

Ka faɗi duk abin da ka sha kafin ka zo: ƙwayar kasuwa, allurar kemis, jiƙo, sassaƙe, har tiramol in kana sha don tafiyar dare. Ba kotu ka zo ba. Dalilin tambayar shi ne wani maganin yana ɓoye alamar ciwo, wani kuma ba ya haɗuwa da wanda za a rubuta maka. In da sauran kwalin ko takardar, taho da su.

Ka faɗi inda ka fito da inda ka kwana a makonnin nan. Ka faɗi halin dabbobinka ma. In shanunka suna ɓari, kana kuma shan madara ɗanya ko kana cire mahaifa da hannu, ga zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, wannan labari ne babba a wurin likita, don cutar bakkale tana tsallakawa daga dabba zuwa mutum. Haka cizon kare, ko da ya warke. Haka in akwai mai tsohon tari a gidanku.

Na farko: dubawa da ido

Tun kana shigowa aka fara auna ka. Yadda kake takawa, yadda ka zauna, ko kana dafe da gefe ɗaya, ko maganarka tana yankewa saboda numfashi, duk an gani.

In ya ja fatar idonka ta ƙasa, launin cikinta yake dubawa. Ta mai lafiya jaja-jaja take. In ta yi fari fat, haka tafin hannu da harshe, alamar ƙarancin jini ce. Kai ma haka kake yi wa tunkiya in ka ga tana ramewa. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, zubar jini wajen haihuwa da rashin abinci mai gina jiki duk suna kawo shi. In kuma farin idon ne ya koma ruwan ɗorawa, shawara ce, sai hankalinsa ya koma kan hanta, ko kan jinin da ke lalacewa da sauri.

In ya ce ka buɗe baki, yana duba ko harshe ya bushe, ko maƙogwaro ya yi ja ko ya tara mugunya. Yana duba wuya ko da maƙoƙo. Yana duba fata ko da ƙuraje, ko wani tabo mai haske wanda in an taɓa ba ka ji, don irin wannan tabon yana daga alamomin farko na kuturta, ita kuwa tana warkewa da magani in an tare ta da wuri. Yana duba ƙafa ko ta kumbura, ko da gyambon da ya ƙi warkewa, wanda ke sa a yi tunanin ciwon suga.

Shi ya sa ake son haske, ake kuma cewa ka ɗaga riga. Ba a ganin ƙirji ta bayan babbar riga da rawani.

Awo huɗu masu lamba

Akwai abubuwa huɗu da ake aunawa a rubuta da lamba. Ka riƙe su, za su yi maka amfani ko'ina ka je.

Zafin jiki. Na mai lafiya yana wajen digiri 37. In ma'auni ya nuna 38 ko fiye, zazzaɓi ne. Bayan hannu a goshi yana ba da labari, amma ba ya ba da lamba, kuma a zafin bazara yana ruɗi.

Bugun jini. Likita zai ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannunka, ɓangaren babban yatsa, ya ƙirga. Babban mutum da ke zaune a natse, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ban da yawan bugun, yana jin ƙarfinsa, yana kuma jin ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. Bugu mai sauri marar ƙarfi a jikin wanda ya yi gudawa ko ya zubar da jini alama ce ta gaggawa.

Numfashi. Babba yana numfasawa sau 12 zuwa 20 a minti. Sau da yawa likita zai ci gaba da riƙe hannunka kamar bugun jini yake ji, alhali ƙirjinka yake kallo. Dabara ce, don in ka san ana ƙirga numfashinka sai ka canja shi.

Awon jini, wato wannan abin da ake ɗaura maka a damtse a hura masa iska. Lamba biyu yake bayarwa, ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. In ana samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, hawan jini ne. A nan, ɗan kasuwar iyaka, buɗe kunne. A Nijar da Chadi da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci za ka ji an ce maka "12 da 8", ko "14 da 9". A Najeriya za a ce "120 da 80", ko "140 da 90". Abu ɗaya ne, sifili kawai aka cire. Kada a gaya maka 15 a Maraɗi, a gaya maka 150 a Katsina, ka ce jininka ya ninka sau goma a hanyar Jibiya.

Hawan jini yakan shekara da shekaru a jikin mutum ba ciwon kai, ba jiri, sai ranar da ya kayar da shi da shanyewar ɓarin jiki. Awo kaɗai ke tona shi. In za a auna ka, ka zauna ka huta kamar minti 5, kada ka shigo da goro a baki ko ka gama shan taba ko shayi mai kauri yanzu-yanzu, kuma ka yi shiru har a gama.

Na biyu: taɓawa da hannu

Hannu yana gano abin da ido bai kai gare shi ba. Za a ce ka kwanta rigingine, ka ɗan tanƙwashe gwiwa don naman ciki ya saki. Likita zai tambaye ka inda ke ciwo, sannan ya fara latsawa daga nesa da wurin, a hankali, yana matsowa. Ba mantuwa ya yi ba. In ya fara da wurin ciwon, cikin gaba ɗaya zai ɗaure, ba zai ƙara jin komai ba. Ka lura kuma, hannunsa yana cikinka amma idonsa yana fuskarka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ko ka ce ba zafi, in ka yamutsa fuska ya gani.

A ƙarƙashin haƙarƙarin dama hanta take. A ƙarƙashin na hagu saifa take. Ta mai lafiya ba a jin ta da hannu, in an ji ta to ta kumbura, kuma a ƙasashenmu zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana daga manyan masu kumbura ta, musamman ga yara. In ya ce ka ja dogon numfashi yana danne da hannu, so yake huhu ya turo su ƙasa su taɓa yatsunsa.

Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, wanda in an danna a hankali aka saki farat ɗaya sai ka zabura, yana sa a yi zargin afendis. Ciki da ya ƙage ya yi tauri kamar allo shi ma ba na jira ba ne. Waɗannan na tiyata ne, ƙwayar kashe zafi lokaci kawai take cinyewa.

Ku masu ɗaukar buhu da jan guga, ga taku. In akwai ƙullutu a matsematsi ko gwaiwa, likita zai sa ka tsaya, ya ɗora hannu ya ce ka yi tari, ya ji ko tana turowa. Wadda take komawa in ka kwanta, ana sa mata ranar aiki a natse. Wadda ta fito ta ƙi komawa, ga zafi ga amai, hanji ne ya maƙale, a daren nan ake tafiya asibiti.

Zai shafa wuya da hammata da matsematsi yana neman kaluluwa. Wadda ta fito saboda miki a kusa, mai zafi, takan baje in mikin ya warke. Wadda ta daɗe, ba zafi, tana ƙara girma, ita ce ake bincike a kanta. Ga mata, haka ake laluben mama ko da ƙullutu.

Zai danna ƙwaurinka ko bayan ƙafarka da babban yatsa ya ɗan riƙe. In ya ɗaga wurin ya lotsa ya zauna, ruwa ne ya taru, sai a duba zuciya da ƙoda da hanta. Makiyayi ya san irin wannan, ai ya sha ganin ruwa ya taru a ƙarƙashin haɓar dabba mai ciwon hanta.

Ga mai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, likita zai sa hannu a ƙeyarsa ya ɗago kan, ya ga ko haɓa za ta taɓa ƙirji. In wuya ya sandare ya ƙi lanƙwasuwa, ana zargin sanƙarau. Ƙasashenmu suna cikin yankin da wannan cuta ta fi addaba, daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta rani ne, daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa. Manya ba su manta annobar 1996 ba.

Mai juna biyu kuwa, ungozoma tana auna tsawon cikin da hannu da tef. In ciki ya kai wajen wata biyar, saman mahaifa yakan kai daidai cibiya. In ya tsufa, da hannu ake gane ko kan yaro ya juyo ƙasa ko a gicciye yake, tun kafin ranar naƙuda. Ana auna jininta kowane zuwa, don hawan jini da kumburin fuska da ciwon kai ga mai ciki su ne masu share wa jijjiga hanya.

Na uku: ƙwanƙwasawa

Wannan ce ta fi ba mutane dariya, kuma ita ce kuka fi kowa sani. In saniya ta ci ɗanyar ciyawa ta kumbura, ina kake bugawa? Kwiɓin hagu, bayan haƙarƙari, ka ji yana amsawa kamar ganga, ka san iska ce ta cika tumbi.

Likita yana shimfiɗa yatsansa na tsakiya a jikinka, ya buge shi da kan yatsan ɗaya hannun. Huhu mai lafiya cike yake da iska, sai ya ba da amo kamar duron da ba komai. In ruwa ya taru a ƙirji, ko wani sashe na huhu ya cushe saboda ciwo, sai amon ya mutu, ya yi dum kamar ka bugi cikakken buhu. Shi ya sa yake buga dama ya buga hagu, ya sauka ya sake, yana gwama wannan da wancan. A ciki ma haka ne. Da ƙwanƙwasawa ake rarrabe cikin da iska ta kumbura da wanda ruwa ya cika, ake kuma gane iyakar hanta, da mafitsarar da ta cika fitsari ya ƙi fita.

Wannan dabara tana da tarihi. Wani likita ne a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya rubuta ta a 1761. Mahaifinsa mai masaukin baƙi ne, kuma ana cewa tun yana yaro ya ga yadda ake bugun gangunan abin sha don a san inda ya tsaya. Likitocin zamaninsa ba su kula ba, sai a 1808 da likitan Napoleon, Corvisart, ya juya littafin zuwa Faransanci, sannan duniya ta karɓa. Ka ga ashe ilimin duro ne ya shiga asibiti.

Na huɗu: saurare

Abin nan da likita ke ratayawa a wuya, mai roba biyu da ake sawa a kunne, ba ya ba da magani, ba ya kuma ganin cikin mutum kamar yadda wasu ke zato. Sauti kawai yake kawowa kunne. A da, kunne ake mannawa a ƙirjin majinyaci. A 1816, a birnin Paris, aka kawo wa wani likita mai suna René Laennec wata matashiya mai ciwon zuciya. Ya ga bai dace ya manna kunnensa a ƙirjinta ba, sai ya naɗe takarda ta zama kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta ɗaya a kunnensa. Sai ya ji bugun ya fi fitowa sarai. Daga nan ya sassaƙa na itace. Kunya ce ta haifi wannan na'ura.

In an ɗora ta a bayanka aka ce ka yi numfashi da baki, iskar da ke shiga da fita ake saurare. Ta mai lafiya taushi gare ta. In ana jin ƙaras-ƙaras kamar an watsa gishiri a wuta, akwai ruwa ko ciwo a ƙananan hanyoyin huhu. In ana jin fito, hanyoyin iska sun tsuke, kamar na mai asma. In gefe ɗaya shiru, iska ba ta shiga can. Kada ka yi magana lokacin, don muryarka tana cika masa kunne.

A ƙirji ta hagu zuciya ake saurare. Kowane bugu sauti biyu ne, ƙarar rufewar ƙofofin da ke cikin zuciya. In wata ƙofa ta tsuke ko tana yoyo, sai a ji huci a tsakanin sautin biyu. A ciki kuma kukan hanji ake nema. Cikin da ya kumbura ya yi tsit, ko yake ƙara fiye da kima ga amai ga rashin fitar tusa da bayan gida, yana nuna hanji ya tsaya ko ya toshe. A ciki, saurare ake gabatarwa kafin latsawa, don latsawar tana motsa hanji ta canja kukansa.

Maganar kunya

Mun san abin da ke hana wasu zuwa, musamman mata: buɗe jiki gaban baƙo. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma kuma kina da haƙƙinki. Likita ya kamata ya gaya miki abin da zai yi kafin ya taɓa ki, ya ja labule, ya buɗe wurin da zai duba kaɗai, ya wanke hannu. Kina iya neman mace ta duba ki in akwai, in babu ki ce wata ma'aikaciya ko ƴar'uwarki ta tsaya a ɗakin. In Fulatanci ko Tamashek kaɗai kike ji, ki zo da wadda kika yarda da ita ta yi miki tafinta. Kai kuma maigida, in an ce ka ɗan fita, kada ka ɗauka raini ne. Akwai abin da mace ba ta iya faɗa gaban miji ko suruka, kuma wataƙila shi ne maganin ke rataye a kansa.

Inda hannu ya tsaya

Awo yana nuna hanya, wani lokaci kuma sai an ƙara da gwaji. Zazzaɓin cizon sauro ana tabbatar da shi da ɗigon jini daga yatsa, cikin kamar minti 15 zuwa 20. Tarin da ya kai mako biyu, ga rama ga zufar dare, majina ake karɓa a gwada saboda tarin fuka. Ciwon suga sai an gwada jini. In an aike ka gwaji, awon ne ya nuna wanda za a yi, ba lalube ba ne. In kuma aka auna ka aka ce ba ka bukatar allura, ka gode wa Allah. Ƙarfin magani ba a tsinin allura yake ba.

Takardar da aka rubuta maka, ka adana ta cikin leda tare da takardun tafiyarka. In ciwo ya tashi a Konni bayan an duba ka a Illela, ko a Maigatari bayan an duba ka a Damagaram, likitan can zai karanta lambobin ko da harshen ya bambanta, ya san daga ina zai ɗora.

Abin da za ka iya dubawa da kanka a ruga

Wani yana kwana ɗaya a hanya kafin ya kai asibiti. Saboda haka ga abubuwan da uwa ko uba za su iya dubawa a jikin yaro, don su san ranar da ba a jira.

Ƙirga numfashi. Yaro yana kwance a natse, ba kuka yake ba, ɗaga rigarsa, duba agogon waya, ƙirga minti ɗaya cur. Jariri da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa kasa da shekara 1, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In ga tari ga wannan saurin, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ana zargin ciwon huhu, a kai shi a ranar.

Tsunkule fatar ciki. Ga mai gudawa, kama fatar cikinsa da yatsu biyu ka ɗaga ka saki, kamar yadda kake yi wa ɗan maraƙi a wuya. In ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinsa. In ta tsaya ta fi sakan 2 kafin ta kwanta, ga ido ya faɗa, ga maɗigar jariri ta lotsa, ruwan jikinsa ya ƙare. A kama hanya, ana ba shi nono da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan in yana iya sha.

Duba tafin hannu. Ɗora nasa kusa da naka. In nasa ya yi fari sosai, jininsa ya yi ƙasa.

Auna damtse. Akwai tef mai launi uku da ake auna tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, kuma a wurare da dama ana koya wa iyaye mata aiki da shi. Kore lafiya. Ruwan ɗorawa a kai shi a duba. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka in ka danna bayan ƙafafunsa biyu sakan 3 suka lotsa, wannan kumburin tamowa ne, kada a ɗauka ƙiba ce.

Akwai kuma alamomin da ba sa bukatar ƙirga komai: yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wuyansa ya sandare, ko jariri ɗan ƙasa da wata 2 ya yi zazzaɓi. Ko ɗaya ka gani, bar wa wani garken, bar wa wani rumfar, nemi abin hawa. In ka isa, kada ka bi layi, gaya wa ma'aikacin farko da ka gani abin da ka gani da lambar da ka ƙirga.

Wannan dubawar ta gida ba ta mayar da kai likita, kamar yadda sanin saniya ba ta da lafiya bai mayar da kai malamin dabbobi ba. Amfaninta ka san lokacin tashi, ka kuma isa da labari sahihi.

To jama'a, nan za mu dakata. Gobe in likita ya ce ka kwanta ya duba ka, ka ba shi lokacin da kake ba san da za ka saya, ka amsa masa gaskiya, ka kuma tambaye shi abin da ya ji da abin da ya gani, don jikinka ne. Wanda ke da tambaya ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu miƙa ta ga ma'aikatan lafiya a shiri na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana dukiya da iyali, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.